Gidan Ƙarshe a Gangaren Maitumbi

Kun sha wucewa ta layin nan na Maitumbi a cikin keke, kun ga jan fentin da ƙaramar hukuma ta shafa wa dakalan ƙofar gidaje, kuka ce gwamnati ta sake taso da fitinarta, kuka kau da kai. Babu ɗayanku da ya ce wa mai keke ya gangara ƙarshen layin ya ga gidan Mama Dorothy.

Layin gangare ne. Duk damina, wanda ruwa ya leƙa masa zaure sai ya sayo bulo ya ƙara wa dakalinsa tsayi da faɗi, ruwan ya wuce gidan maƙwabci. Maƙwabcin ma ya yi haka. Sannu a hankali dakalai suka cinye tsohuwar kwata, ruwan layin gaba ɗaya ya koma sauka a gidan ƙarshe, wanda ba shi da wanda zai tura wa. Gidan Dorothy ke nan, dattijuwar da mijinta ya rasu, wadda a gonar doyar mahaifinta aka yanka filayen layin. Bangon ɗakinta ya tsage, kowa ya san da wuya ya ga ƙarshen daminar bana.

Hukuma ta ce za ta haƙa sabuwar kwata, dole dakalai su tafi. Masu gidaje suka ce ba za ta saɓu ba. Jagoransu Alhaji Badaru ne, mai sayar da hatsi, wanda gidansa ke can sama, kuma a ƙofarsa ake sheƙe dawa kafin a kai kasuwa. Injiniya Kudu, wanda hukuma ta turo, ya zo da katafila, ya tarar da dattawa zaune a kan dakalin Alhaji, ya juya da ita. Aka zauna a sakatariya, aka tashi baram-baram.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwan sama, Dorothy ta hau gangaren ta sami Alhaji.

"Alhaji, zama na gaba a ɗakina za a yi. Na gaya wa injiniya."

"Haba Mama Doro, ga sakatariya, ga ƙofar mai unguwa, sai ɗakinki?"

"Tun kana yawo da gajeren wando kake cin doyar gidanmu. Yau ne za ka ji nauyin shiga?"

Ya yi dariya, ya ce to.

Da hantsi suka iso, shi da Kudu da wasu masu gidaje. A bakin ƙofa Alhaji ya sunkuya zai cire takalmi.

"Bar shi a ƙafarka," in ji Dorothy.

"A ɗakin babbar mace? Ba haka aka rene ni ba."

Ya cire, ya taka, ƙafarsa ta nutse cikin ruwa mai sanyi har idon sawu. Sauran ma sun riga sun cire nasu, babu halin komawa. Gadon Dorothy na kan bulo, tukwanenta na kan tebur, hasken rana na shigowa ta tsagar bango. A jikin bangon akwai wani zane mai ruwan ƙasa, daidai inda ruwa ke tsayawa. Alhaji ya shafa shi, ya dubi yatsunsa. Ƙaiƙayin dawa ne.

"Wannan kuma..."

"Naka ne. Duk damina kana aiko mini, ban taɓa zuwa godiya ba."

Babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya jima yana murza ƙaiƙayin kafin ya juya wajen Kudu.

"Injiniya, kai siminti kake gani. A kan dakalin nan aka yi zaman makokin mahaifina, a kai aka ɗaura auren 'ya'yana. Mama, ranar da maigidanki ya rasu, ina mutanen cocinku suka zauna?"

"A kansa," in ji ta. "Ban ce a hana ka wurin zama ba. Na ce kada ɗakina ya faɗo mini."

Kudu ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ai ana rufe kwata da murfin kankare. Ruwa ya bi ta ƙasa, ku ɗora benci a sama. Sharaɗin kawai, a bar murfin yadda za a iya ɗagawa a yashe."

"To me ya hana ka faɗi haka tun farko?"

"Kun bar ni na buɗe baki?" in ji Kudu. "Ni ma dai da katafila na fara yi muku sallama."

A tsaye cikin ruwan aka gama magana. Kowa zai fasa dakalinsa da hannunsa, hukuma ta haƙa ta rufe. Washegari Alhaji ya ari guduma, ya kai wa nasa bugun farko, ya miƙa wa maƙwabcinsa. Da ruwan sama ya dawo, sai aka ji shi yana gudu a ƙarƙashin bencin dattawa, ya wuce gidan Dorothy ya faɗa rafi. An ɗinke bangon, ya tsaya.

Layinku ma yana da gidan ƙarshe, kuma kun san wanda ke cikinsa. Kada ku jira jan fenti. Ku gangara yau, ku cire takalmi, ku shiga.