Murjani Mai Harbi a Falon Malam Baffa

Tun da aka shigo da akwatin gilashin nan falonsa, Malam Baffa bai ƙara cin tuwo a wurin ba.

Na Elias ne, maƙwabcinsa a Gwallameji, wanda ya yi zaman Legas ya dawo da wannan sha'awar. Mahaifiyarsa ce ta kwanta ciwo a Tafawa Ɓalewa, shi da matarsa Roda za su tafi jinya, babu mai kunna musu janareto. Abin da ke cikin akwatin kuwa ba ya jure ɗaukewar wuta, dole inji ya riƙa juya ruwan. Malam Baffa yana da sola, kuma maƙwabci ya roƙi alfarma. Ina zai ce a'a?

Da Elias ya ce murjani ne a ciki, Malam Baffa ya zaci irin wanda kakarsa take ratayawa a wuya, ja, busasshe, mai tsabta. Da ya leƙa sai ya ga wasu halittu manne a jikin duwatsu cikin ruwan gishiri, suna kumbura suna motsewa kamar tumbin akuya. Har baki gare su. Elias ya nuna masa yadda ake niƙa jatan lande, a zuƙa a sirinji, a ɗiga musu. Bakin ya buɗe a hankali, ya haɗiye. Malam Baffa ya je taga ya tofar da yawu.

Gargaɗi biyu Elias ya bari. Kada kowa ya tsoma hannu sai da doguwar safar roba. Sannan koren nan da ke can kusurwa shi kaɗai, kada a kusanto da shi wurin sauran, domin idan haske ya ragu yana miƙa wasu zaruruwa ya ƙone na kusa da shi.

A gidan, mutum ɗaya ce abin ya burge, wato 'yarsa Habibatu. Ta gama sakandare, tana koyon zanen lalle, kuma ranar Juma'a mai zuwa za ta yi wa amaryarta ta farko. Sai ta zauna gaban gilashin tana kwaikwayon lanƙwasar jikinsu a tafin hannunta. Uban yana kallonta, hankalinsa ba a kwance ba.

Koren kusurwa shi ya fi damunsa. Kafin sirinji ya kai wurinsa sai Malam Baffa ya sunkuya, fuskarsa dab da ruwan, ƙarni ya cika masa hanci. Shi kuwa ya daɗe yana kiwon raguna, ya san yadda ake yi da mafaɗaci: ɗaure shi ake yi kusa da ɗan'uwansa, su shaƙi warin juna, su gaji su saba. Wariya ita ke ƙara wa dabba mugunta. A ganinsa Elias ɗan birni ne, bai san dabba ba. Ranar Talata da safe ya ɗauko dogon ludayi, ya tura dutsen koren zuwa tsakiya, gefen wani mai ruwan hoda.

Da ya dawo daga sallar magariba ya tarar da Habibatu durƙushe a bakin famfo, tana dirzar hannun damanta da soso. Ta ce fitilar akwatin na dusashewa ta ga koren ya fito da zaruruwa farare, dogaye, ya shimfiɗa su a jikin mai ruwan hodan, naman yana narkewa. Shi ne ta yi abin da take yi idan zakaru suka kaure, ta sa hannu ta raba su.

Ya haska hannun da waya. Jajayen layuka sun kwanta tun daga wuyan hannu har yatsu, kamar an zane ta da tsumagiya, yatsun kuma sun fara cika.

"Baba, ba na iya dunƙulewa," ta ce. Ba ta ambaci Juma'a ba, amma ya san abin da ke ranta ke nan.

Nan take ya kira Elias a waya. Elias ya ce ta daina dirza yanzu, a zuba mata ruwan gishirin da ya bari a jarka, a kai ta asibiti, a kuma lura da numfashinta. Daga nan ya tambayi yadda aka yi koren ya bar kusurwarsa. Malam Baffa ya yi masa bayanin raguna.

Elias ya ce, "Malam, rago yana da hanci. Wannan ba ido, ba hanci. Duk abin da ya taɓa abokin gaba ne, har ya mutu."

A cikin keke mai ƙafa uku Malam Baffa ya riƙa tambayarta ko tana numfashi, har ta ce masa da ba ta yi ai da ba ta amsa ba. A asibitin unguwa nas ta tambayi abin da ya harbe ta. Ya ce murjani. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ita dai a Bauchi kunama ta sani. Aka yi allura, aka ba da man shafawa, aka ce a jira kumburi ya sauka.

Washegari falon ya ɗauki wari kamar bayan mahauta. Rabin mai ruwan hodan ya zama farin ƙashi, sauran ya lulluɓe da wani yauƙi ruwan ƙasa mai kama da majina. Malam Baffa ya tsaya da bokiti a hannu. Ransa ya ba shi ya kwashe su duka ya juye a kwata. Amma amana ce, kuma koren bai taka da ƙafarsa ya zo tsakiya ba. Ya ɗaure hanci da tsumma, ya zura safar roba har gwiwar hannu, ya mayar da dutsen kusurwarsa, ya ƙara masa nisa. Ya zuƙe ruɓaɓɓen naman da sirinji. Da ya gama ya kulle falon, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce har Elias ya dawo, shi kaɗai zai shiga.

Ranar Juma'a da hantsi kumburin ya sauka, saura tabo. Habibatu ta haɗa lalle, ta ɗura a 'yar ledar zane, ta riƙe, amma ta kasa fita. Ta ce tana tsoro kada hannun ya yi rawa a jikin 'yar mutane, ga shi Umma ta tafi gidan bikin, ba wanda za ta gwada a kansa.

Malam Baffa ya dubi ƙofa, ya nannaɗe hannun rigarsa, ya miƙa mata tafin hannunsa na dama.

"Baba, masallaci fa za ka."

"Zana."

Ta matsa ledar. Layin ya fito siriri, bai karkace ba, ya lanƙwasa ya nufi yatsunsa. Ya gane shi nan take. Zaren koren nan ne sak. Amma bai janye hannun ba sai da ta kai ƙarshe, ta ɗauki jakarta tana dariya ta fita.

Ya wanke da sabulu, ya ƙara da toka, jan ya riga ya kama. A sahu ranar, da hannun hagu ya rufe na dama.