Gurasa Biyu a Shi'an

Ɗan ƙanwar babata, Jurabek, zai iya tsayawa gaban aji guda ya zuba bayanin daular da ta shuɗe tun tuni ko yawu bai haɗiya ba. Amma ka ce ya gaida Nafosat, sai harshe ya naɗe. Tun shekararmu ta farko a sashen tarihi a Samarkand yake fama da wannan ciwo. Kowa a ajinmu ya sani, har matar da ke sayar mana da shayi ta sani. Mai abin ce kaɗai ba mu san ko ta sani ba.

Nafosat ƙawata ce, ɗakinmu ɗaya a makaranta, kuma ban taɓa ganin mace mai zurfin ciki irinta ba. Ranar da muke haɗa kayan tafiya ƙasar Sin, ziyarar karatun da jami'a ta shirya wa 'yan ajin ƙarshe, tana ninke gyale ta ce min wasu mutane daga Tashkent za su zo gidansu a Urgut neman aurenta da zarar mun dawo. Babanta ya ce in tana da wani ta faɗa, shi ba ya dole.

Na ce, "To me kika ce masa?"

Ta ce, "Me zan ce, Shohista? Wani ya ce min wani abu ne?"

A filin jirgi na ja Jurabek gefe na zayyane masa komai. Na ce, "Yaya, wallahi in jirgin nan ya dawo da mu ba ka buɗe baki ba, ka je ka ɗinka sabuwar riga, za ka ci shinkafar bikin wani." Ya yi tsuru-tsuru, ya rantse min a Beijin zai faɗa.

A Beijin ɗin, ranar da muka hau Babbar Ganuwa, ni na janye sauran 'yan aji da sunan ɗaukar hoto, na bar su su biyu a wata kusurwa. Ga duwatsu, ga iska mai daɗi, ba kowa. Ina hango shi daga nesa bakinsa na motsi, hannu na tashi, na ce alhamdulillahi. Da Nafosat ta dawo na tare ta.

"Me ya ce?"

"Ya ce da ruwan dafaffiyar shinkafa suka kwaɓa ƙasar ginin, shi ya sa bai rushe ba. Ɗan'uwanki ya san bulo, ba laifi."

Kai! Na so in turo shi daga kan ganuwar.

A jirgin ƙasa zuwa Shi'an na yi musayar kujera don su zauna tare. Sai ya bar mata taga, ya je ya tsaya bakin ƙofa yana kallon allon da ke nuna gudun jirgi har muka iso. Ranar da aka kai mu wurin sojojin yumɓun nan da aka tono daga ƙasa, Nafosat ta jingina da ƙarfe ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce da ni, da muryar da na bayanmu zai ji, "Ikon Allah. Maza reras, kowa da gashin baki, an rasa mai magana ko ɗaya." Jurabek ya matso da sauri. Na kasa kunne. Sai ya ce ai ba duka ke da gashin baki iri ɗaya ba, in ta duba da kyau. Daga ranar na daina yi masa magana.

Jagoran tafiyarmu Domla Hamro ne, tsohon malaminmu, wanda ya ɗauko butar shayinsa tun daga gida a cikin safa. Domla bai da matsala da ƙasar Sin, gine-ginenta sun burge shi, mutanenta ma haka. Matsalarsa gurasa. Da aka kawo masa farin burodin nan nasu da ake turarawa, ya latsa shi da yatsa ya ce, "'Ya'yana, wannan kullu ne, bai ga wuta ba tukuna." Kullum sai ya tashi daga kan abinci yana cewa ya ƙoshi amma bai ci abinci ba.

Lan, ɗalibar da jami'ar can ta haɗa mu da ita, ta yi karatu a Tashkent, tana jin yarenmu sosai, kuma tausayin Domla ya ishe ta. Ranar da za mu yi bankwana da garin ta ce yau za ta kai shi inda zai ci gurasa. Ta bi da mu unguwar Musulmi, bayan hasumiyar ganga, lungu-lungu cikin hayaƙin gashi da ihun masu talla, har wani gidan abinci mai dogon tebur. Ni dai na riga na fid da rai, amma hali ya ƙi bari, na sake tura Jurabek kujerar da ke kusa da Nafosat a can ƙarshen tebur.

Aka ajiye wa kowa kwano wayam da gurasa guda, fara, mai tauri. Idon Domla ya ciko. Ya miƙa hannu ya birkito waɗanda mai hidima ya ajiye a kife yana istigfari ƙasa-ƙasa, don a wajenmu ba a kife gurasa. Lan ta shiga ciki yin magana da mai girki, ba ta kai ga yi mana bayani ba. Mu kuwa muka yi abin da muka tashi muka ga ana yi. Babba na zaune ƙarami ba ya karya gurasa, sai muka shiga miƙa wa Domla namu. Ya yi bismillah, ya dinga raba kowace gida huɗu yana miƙo mana.

Lan ta fito ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Domla, ba haka ba ne! Kowa shi ke gutsuttsura tasa a kwanonsa, ƙanana kamar ƙwayar wake, sannan a kai ciki a dafa da romon rago."

Mai girki ya leƙo, ya ga ɓangarorin da ke kwanukanmu, ya faɗi wani abu, duk masu cin abinci suka kwashe da dariya. Lan ta ƙi fassarawa.

Domla ya gyara tabarau. "Ɗiyata, in sun so su mayar da ita gari, wannan nasu ne. Amma karyawar farko tawa ce. Ina raye, ina zaune, yara su karya gurasa a gabana? Ku miƙo sauran."

Gurasar ta fara gajiyar da shi, yatsunsa sun yi ja. Saura biyu, suka biyo hannu-hannu daga ƙarshen tebur. Don ya huta, sai ya haɗa su fuska da fuska, ya ɗora manyan yatsunsa zai karya su gaba ɗaya.

Wata 'yar ajinmu ta saki ƙara. "Domla! Ta Jurabek ce da ta Nafosat!"

Kowa ya juya ga Domla. A wajenmu in dattijo ya haɗa gurasa biyu ya karya su tare a kan saurayi da budurwa, to an yi baiko ke nan, magana ta ƙare, sai sa rana. Lan kaɗai ke waige-waige tana tambayar ko wani abu aka gani a cikin gurasar.

Domla bai sauke hannu ba. Ya dubi gurasar, ya dubi ƙarshen tebur ta saman tabarau. Har yau ban sani ba ko kuskure ne da gaske ko tsohon nan ya daɗe yana kallonmu.

Ya ce, "To fa. Jurabek, ɗana, tun da muka taso kake cika mana kunne da sarakunan da suka mutu. Ga tambaya mai sauƙi, kuma hannuna ya gaji. In karya, ko in raba?"

Gumi ya karyo wa Jurabek. Ya miƙe tsaye kamar an kira shi jarrabawa, gwiwarsa ta daki tebur, shayi ya malale. Ya ce, "Domla, a tarihin al'adar nan…"

Na ce, "Yaya, in ka ƙara cewa tarihi zan kifa maka kwanon nan a ka."

Ya haɗiyi yawu. Ya dubi Nafosat, ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Domla, in don ta ni ne, a karya. Tun ranar da ta fara shigowa ajinmu nake so a karya. Tsoro nake ji ta ce a'a, shi ya sa nake ta zancen bulo."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kaina hawaye na ji ya taho min, na ji haushin kaina. Duk muka juya ga Nafosat.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tashi a hankali, ta zagaya har inda Domla yake, ta ɗan rusuna, ta zare gurasarta daga ƙarƙashin tasa, ta koma ta zauna. Ta shiga gutsuttsura ta a kwano, ƙanana kamar yadda Lan ta ce. Jurabek yana nan tsaye, fuskarsa ta yi fari fat. Wallahi a lokacin na tsani ƙawata. Na ce a raina, ko ba kya so, ai ba a gaban jama'a ba.

Sai da ta kusa gutsuttsura rabin gurasar sannan ta yi magana, kanta a sunkuye.

"Domla, a gafarce ni, ba raini ba ne. Ina da baffa a Urgut, yayan babana. In ya ji wani ya riga shi karya min gurasa, a ƙasar Sin ma, ba zai ƙara shiga gidanmu ba." Ta juyo gare ni. "Shohista, ki gaya wa ƙanwar babarki, Urgut ta fi kusa da Samarkand a kan Tashkent. Sai dai mutanen Tashkent akwai sammako."

Jurabek ya dube ni. "Me take nufi?"

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Je ka kira Inna, ta nemi matan da za su raka ta Urgut nema maka aure!"

Ya laluba aljihu, ya zaro waya, ya yi waje a guje har yana bangazar mai hidima. Teburin ya kaure da shewa, 'yan mata suka rufe Nafosat, masu cin abinci a sauran tebura suka taya mu tafi ba su san dalili ba. Domla ya ajiye wa Jurabek gurasarsa a kwano lafiya lau, ya ce shi dai a kawo romon nan kafin yunwa ta kashe shi. Lan ta kama hannuna tana tambaya ko abincin ne ya ɓata wa Jurabek ciki. Na ce ta zauna, bayanin na da tsawo.

Da hayaniya ta lafa na koma kujerar Jurabek. Ta taga muna hango shi a bakin titi, waya a kunne, yana kai da kawowa, yana rusunawa kamar Inna na gabansa. Nafosat ta sa aka miƙo kwanonsa, ta jawo shi gabanta ta fara gutsuttsura masa tasa. Sai a lokacin na ga gutsuren nata ma ya ƙi yin daidai.

Na ce, "Muguwa. Kin ga yadda kika tsayar masa da zuciya?"

Ta goge ido da bayan hannu. Ta ce, "Ni fa? Na ɗauka har mu sauka gida ba zai faɗa ba, Shohista. Na riga na fara koya wa kaina son Tashkent."