Kujerar Kwanar Bene

Gari ya waye ban runtsa ba, ga shi ina hawa bene da tukunyar iskar oksijin a kafaɗa, sai na sake cin karo da abin da ya hana ni barcin. Jela ce zaune a kan ƴar kujerar da ke kwanar benen, ledar burodi a cinyarta, hannu ɗaya dafe da ƙirji, tana jan numfashi ta baki.

"Me kike yi a nan?" na tambaye ta.

"Hutawa nake, Yaya. Irin na Mama."

Kujerar ta mahaifiyarta ce, Anti Mai Labule, maƙwabciyarmu ta hawan sama. Mijinta, direban tirela, shi ya ajiye ta a wurin tun da hawa benen a tashi ɗaya ya fara gagarar matarsa. Yarinyar kuwa ita kaɗai Allah ya ba su, tana aji biyu na firamare, kuma an laƙaba mata Jela ne saboda inda uwar ta ɗauke ƙafa nan take sa tata. In Anti ta tsinke zare da haƙori, ita ma sai ta tsinke. In ta yi tsaki, ta yi. Saboda haka da ta fara zama a kujerar nan, sai gidan gaba ɗaya ya mai da abin raha. Mahaifiyata har cewa take, "Wannan yarinya, ko tari uwarta ta yi sai ta ara."

Shekaru Anti ta yi tana shaƙar maganin asma, tana ɗora laifin a kan ƙurar yadi. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a kan keken ɗinki aka kai ta babban asibiti, ni na raka su. Aka ɗauki hoton zuciyarta, aka zura siririn bututu ta jijiyar wuya aka auna, sannan likitar ta ce ba asma ba ce. Hawan jini ne, amma na jijiyoyin huhu: sun ƙuntace, zuciya tana ta tura jini ta hanyar da ta ƙi buɗewa har ta gaji. Ta ce da an zo da wuri, da magani ya fi tasiri. Ta kuma ce ciwon yakan bi jini a wasu gidajen, a kawo yarinyar a duba ta. Direba ya ce to. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Na tarar da Anti a jingine da matasai, don kwanciya ta daina yiwuwa. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Labulayen mutane da ba ta gama ba suna ninke a kan keken, allura a soke inda ta tsaya.

"Digiri," ta ce, don haka take kirana tun da na gama jami'a na dawo gida zaman jiran aiki, "duk karatun nan ashe dako za ka ƙare da shi?"

"Dakon ma ba a biyana, Anti."

Ta so ta yi dariya, numfashi ya hana. Na haɗa mata tiyon iskar, na jira har ƙirjinta ya ɗan lafa.

"Ka wuce Jela a kwanar bene?"

"Na wuce ta. Kwaikwayonki take yi, kin san halinta."

"Haka kowa ke cewa." Ta daɗe tana kallona. "Ni ma kowa cewa ya yi asma ce. Kai ka yarda?"

Na sunkuyar da kai ina gyara tiyon da ba ya bukatar gyara.

"Babanta ba zai kai ta ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. In na ɗan samu ƙarfi, ni da kai za mu kai ta."

Ƙarfin bai zo ba. Da yammacin wata rana, kafin a kai ƙarshen makon, mahaifiyata na shafa mata mai a ƙafa, Anti ta ce a ɗage labulen taga tana son haske. Kafin mahaifiyata ta juyo, ta cika. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin iskar tana ci gaba da fita ta tiyon, na rasa ƙarfin zuciyar da zan rufe ta.

Da za a sauko da ita, benen ya yi ƙunci a kwana, sai wani ya ture kujerar gefe don makara ta juya. Da muka dawo daga maƙabarta na ga an mayar da ita daidai inda take. Ban tambayi wanda ya mayar ba.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, sai na lura wani abu ya canja. Jela tana zama a kujerar har yanzu, amma da ta ji motsin mutum sai ta miƙe da sauri, ta haɗe baki, ta yi kamar tana gyara takalmi. Wata rana na leƙo daga sama ba ta gan ni ba. Leɓɓanta sun yi duhu, irin duhun da na sani a leɓɓan uwarta.

Na sami Direba a ɗakin yana zuba labulayen a buhu zai mayar wa masu su.

"Baban Jela, maganar likitar nan ce ta kawo ni."

Hannunsa ya tsaya. "Digiri, ina ganin girman mahaifiyarka. Kada ka yi wa ƴata baki."

"Ba baki ba ne, dubawa kawai za a yi. Wataƙila ma ba komai."

"Uwarta ma dubawa aka yi. Da ƙafarta take yawo muna cewa asma. Suka sa wa abin dogon suna, suka ba ni ita na kawo gida ta mutu. Yarinya na kewar uwarta, tana yin abin da ta ga tana yi. Shi ke nan."

"Mai kwaikwayo so yake a gan shi," na ce a hankali. "Ita ɓoyewa take yi. Ka aike ta ƙasa, ka tsaya inda ba za ta gan ka ba."

Ya ci gaba da cusa labule a buhu, na fita ina jin kamar na taka masa ciwo da takalmi.

Da yamma na ji ya ƙwala mata kira ya aike ta sayen ashana. Na ji saukarta. Na ji hawanta, da inda takun ya yanke. Shirun ya yi tsawo. Na san Direba yana sama yana leƙenta.

Washegari da safe aka ƙwanƙwasa ƙofarmu. Direba ne, idanunsa jajur, ya sa rigarsa ta fita. Jela tana goye a bayansa, an yi mata wanka, an ɗaura mata ɗankwalin uwarta a karkace.

"Kai ka fi jin yaren likitocin nan," ya ce, ba tare da ya kalle ni ba.

Na sa takalmi na bi su. Muna isa kwana, yarinyar ta ɗago kai daga kafaɗarsa.

"Baba, ba mu huta a wurin Mama ba."

Ya tsaya. Ya juya a hankali ya zauna a kan ƴar kujerar, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ita kuma tana maƙale da wuyansa. Na jingina da bango na jira su.