Ɓera Ba Ɗan Tsako Ba Ne

"Shekara arba'in da ɗaya ina ware 'yan tsaki, maza nan, mata can, dubu a awa guda! Yau ke ce za ki koya mini aikina?"

"'Yan tsaki ka ce," in ji Harue. "Wannan ɓera ne, Baban Noriko. Ka ga fiffike a jikinsa?"

Mijinta Tokuji ya ture kwanon miyar miso, ya jawo kejin gabansa. 'Ya'yan ɓera biyar ne a ciki, satinsu huɗu da kwana uku. Asalin rigimar kuwa, 'yarsu Noriko ce ta bar musu ɓerayenta biyu da za ta koma Sapporo. Tsohon ya ɗaga su, ya yanke hukunci duka mata ne. Ba a yi wata biyu ba ɗaya ta haihu. Uban ɓerayen dai an sallama shi ga mai sayar da tofu, awarar Japan, amma bangon gidajen Osaka ko tari ka yi maƙwabta sun ƙirga, sai ga Uwargida Kuwabara mai gidan a bakin ƙofa. Magana ɗaya ta yi: in aka sake haihuwa a ɗakin nan, su kwashe kayansu. Ɗakin da suka shekara talatin a ciki! Ɓera kuwa da ya cika sati biyar ba ya sanin wa ce ƙanwarsa.

Tokuji ya tsoma hannu a ruwan sanyi kamar yadda ya saba a wurin aiki, ya cafko ɗaya, ya juya shi, ya leƙa ƙarƙashin wutsiya.

"Mace. Wannan ma mace. Babu komai, shafe! Duka biyar mata ne, a bar su keji ɗaya."

"Wancan karon ma haka ka ce."

"Ke tsohuwa, kada ki tono mini wancan karon."

Harue ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta yi kallo. Tun suna kwana goma, gashi bai rufe cikinsu ba, ta ga ɗigo-ɗigon nono a jikin uku, biyu kuwa fes. Ta shafa wa biyun jar tawada a wutsiya, tana sabuntawa duk Lahadi.

"Namijin ɓera ba shi da nono," ta ce. "Kuma dubi tazarar nan daga ƙarƙashin wutsiya, ta ninka ta 'yar'uwarsa."

"To ina kayan nasa? Ya bar su a jirgin ƙasa?"

"Ka damƙe shi da hannu kamar ƙanƙara, ga tsoro, me zai hana ya janye abinsa ciki? Kai da kanka, in ka fito daga wanka da sanyi..."

"Ya isa!"

Ta ɗauki mai jar wutsiya ɗaya, ta zura shi cikin hannun rigarta, ta tura hannun ƙarƙashin bargon da ya lulluɓe teburinsu mai na'urar ɗumama ƙafa. Tokuji ya buɗe jarida, ya yi kamar ba ya kallo. Ita kuwa ko gezau. Yau ko rana za ta faɗi, ba za ta tashi ba sai an raba kejin nan. Ta ba ɗan ɓeran ƙwayar dafaffiyar shinkafa, ta shafa bayansa har ya fara hamma, sannan ta ɗora shi kan murfin tukunya na gilashi, ta ɗaga sama daidai hancin mijinta.

"Saka tabaranka, gwani."

Ya saka. Ta ƙarƙashin gilashin ga su nan ɓaro-ɓaro, biyu, kamar wake ya sha ruwa.

Ya daɗe yana kallo.

"Na biyun ma in ɗumama maka shi?"

Ya miƙe, ya zura rigar sanyi, ya hau laluben takalmi a bakin ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Sayo keji," ya ce, bai waiwayo ba.

"Madalla. In ka biya ta gidan wankan unguwa ka gaya wa abokan hirarka da bakinka, ka hutar da ni. Ko da yake yanzu na fi ka iya ware zance, dubu a awa guda."

Tokuji ya fice, ya maka ƙofar da ƙarfi har ɗan ɓeran ya sake janye kayansa.