Layi a Wuya

Shekara shida na yi a Barcelona ina koyon zane. Yawancinsu na ƙarar da su a kan aikin wani mai zane ɗan Sifen mai murɗaɗɗen gashin baki, wanda agogo ke narkewa a hannunsa kamar man shanu. A 1998 na dawo Madina, gidan mahaifiyata Hajo a Al-Khalidiyya. Aikin da na samu shi ne rubuta allunan shaguna.

Bayan shekara biyu malamina na Barcelona ya aiko wasiƙa. Za a yi nunin zane, yana son zanukana goma sha biyu kafin ƙarshen wata. Idan sun karɓu, akwai gurbin koyarwa. Ya ce ba zai sake tambaya ba.

Na tafi Jidda kwana biyu neman biza. Da na dawo na tarar an share ɗakina, an jera zanukan a jikin bango. Kowane mai rai a cikinsu an ja masa baƙin layi mai kauri a wuya.

"Ummi, wa ya shiga ɗakina?"

"Ni ce. Khalas, shi ke nan, na gyara maka su."

"Gyara?"

"Malamin masallaci ya ce in an raba kai da jiki, hoto ya daina zama hoto. Shekara biyu mala'iku ba sa shiga gidan nan, ya waladi, ɗana, ina ta haƙuri."

Hannunta duk tawada. Ta zauna a bakin gado tana matsa gwiwa.

"Ka wahalar da ni, Abdulfattah. Wancan dokin wuya uku gare shi. Matar can kuwa sai da na juya ta sama da ƙasa kafin na gano inda kanta yake. Abin da suka koya maka ke nan?"

"Shi ke nan, Ummi."

"Ɗaya na bari. Ban gane ko mai rai ba ne."

Na duba. Fuskar marigayi Baba ce, wadda na zana tana zubewa cikin rairayi. Shekara talatin Ummi ta yi tana aure da shi.

"Ba mai rai ba ne," na ce.

"Alhamdulillah. Za ka ci abinci?"

Kwana tara suka rage, kuma tawadar ta ratsa har bayan takarda. Na rubuta wa malamina na Barcelona layi biyu, na ce ba zan zo ba. Ban faɗi dalili ba.