Yadda Na Kashe Barde Nomau da Bakina

Wani mafarki na yi daren jiya, kuma tun da na farka nake neman wanda zan ɗora wa laifinsa, ban samu kowa ba sai ni.

Sunana Sambo, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Azare. A garin nan ba wanda bai san littattafan Barde Nomau ba, jarumin nan na Birnin Maraƙi mai yaƙi da Dodon Rijiya. An kai littafi na bakwai yanzu, kuma teloli da masu shayi da matan gida duk rububinsu ake yi. Ni kuwa an san ni da ƙin su. A majalisarmu ta ƙofar shagon aski, da an soma hirar Barde sai in gyara zama, in shiga zaro kurakuran marubucin ɗaya bayan ɗaya, har da shafin da kowanne yake. Abin ya kai in aka hango ni tafe, sai a koma hirar ƙwallo.

To, a mafarkin sai na gan ni a kan wata gada da rana tsaka, sanye da kayan da nake zuwa makaranta, ga alli a hannuna. Na leƙa ƙasa, na ga rabin kogin yana gangarawa gabas, rabi yana gangarawa yamma. Nan take na gane inda nake. Kogin Maraƙi ne, wanda marubucin ya tura gabas a littafi na ɗaya, ya manta ya tura shi yamma a na huɗu.

Ruwan sama ake yi, amma daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama. Mutane na wucewa kowa ya kifa laimarsa tana kallon ƙasa, ya riƙe ta a gwiwa. Ban yi mamaki ba. An rubuta cewa tun da aka tsine wa birnin ko ɗigo bai sake sauka ba, amma kuma an rubuta cewa gonakinsu kore shar suke. Ruwan ne ya nemi hanyar da ba zai ƙaryata kowa ba.

A ƙofar gari na tarar da wani bunsuru zaune a kan kujera, da hula kube a kansa, yana tauna goro. Na san shi. Barau ne, sarkin ƙofa, wanda boka ya mayar bunsuru a littafi na ɗaya, aka warkar da shi a na biyu, sannan ya sake fitowa da ƙaho a na biyar ba tare da an ce komai ba. Bayan mun gaisa ya shaida mini cewa sun sasanta abin a tsakaninsu: da rana bunsuru, da yamma mutum. Matarsa ta saba, in ji shi, ciyawa da safe, tuwo da dare.

Ya tambaye ni ta ina na shigo. Na ce ta gada, kuma tun da ya tambaya, gadar nan ma bai kamata a ce tana nan ba, domin mayaƙan Dodo sun ƙone ta a ƙarshen littafi na biyu, ba a kuma taɓa cewa an sake gina ta ba.

Na ji ƙaurin tsohon hayaƙi. Da na waiga, babu gada. Wani mai jaki da ke tsakiyarta ya faɗa ruwa, shi ya yi gabas, jakin ya yi yamma.

Barau ya tofar da goron bakinsa, ya dube ni.

"Malam, a garin nan muna taka-tsantsan da gaskiya."

Sai ga ni a tsakiyar kasuwa. Da alama labarina ya riga ni isowa, domin duk rumfar da na doso sai a jawo buhu a rufe kaya. Na yi wa kaina alkawarin yin shiru. Na wuce mai sayar da kifin teku a birnin da ba wanda ya taɓa ganin teku, na yi shiru. Na wuce wata yarinya da aka haifa a littafi na uku tana goye da jikarta, na yi shiru. Amma da na iso wurin mai tsire, na gan shi yana yanka albasa da takobin sarauta, wanda aka ce ba mai iya ɗaga shi sai magajin sarki, bakina ya buɗe da kansa. Kafin in rufe shi takobin ya yi nauyi, ya ratsa teburin, ya nutse cikin ƙasa da albasar da duk tsiren. Mai tsiren bai zage ni ba. Ya naɗe tabarmarsa kawai, ya ce dama an faɗa masa wata rana wani mai ilimi zai zo.

Daga nan sai na tsinci kaina zaune a tsakar wani gida, an ajiye mini tuwon dawa da miyar kuka. A gabana Barde Nomau ne da kansa, dogo, mai faɗin ƙirji, yana cin tuwo a natse. Tabon da ke kumatunsa na hagu yakan koma na dama in ya haɗiye loma, ya dawo in ya yanko wata. A gefe mahaifiyarsa Inna Kande na yi masa fifita, tana ƙara masa man shanu. Ta ce in ci in ƙoshi, yau rana ce babba, domin bayan la'asar Dodon Rijiya zai iso ƙofar gari, kuma in ba ɗanta ba, babu mai tare shi.

Barde mutum ne mai ladabi, abin da ban zata ba. Ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni ɗalibai. Ni kuwa idona na kan zoben da ke yatsansa, wanda aljana ta ba shi tun farkon labari, mai kai mutum duk inda ya ga dama cikin ƙiftawar ido. Na tambaye shi me ya sa ya ratsa hamada a ƙasa har littafi uku alhali yana sanye da shi. Ya dubi zoben, ya dubi faso da kantar da ke ƙafarsa, ya ce cikin jin kunya ba wanda ya tuna masa.

Sannan ya ce tun da Allah Ya kawo malamin da ya san tarihinsu haka, in faɗa masa yadda yaƙin yau zai kasance. Wannan yabon ne ya kashe shi. Na ji kaina ya kumbura kamar yadda yake yi a majalisa. Na gyara zama, na ce a gaskiya batun yaƙi ma bai taso ba, domin shi Barde ya mutu tun ƙarshen littafi na uku. Mashi ne ya shiga ƙirjinsa ya fita ta baya, aka yi masa wanka, aka binne shi a gindin tsamiya, garin ya yi makoki. A littafi na huɗu kawai aka gan shi yana ɗaura wa doki sirdi, ba bayani.

Barde ya mayar da lomar da ke hannunsa cikin kwano. Ya yi ɗan tunani.

"Haka aka yi kuwa," in ji shi.

Ya wanke hannu, ya ce wa mahaifiyarsa tuwon ya yi daɗi, ya kwanta a kan tabarma ya fuskanci alƙibla, ya cika.

Inna Kande ba ta yi kururuwa ba. Ta kwance mayafinta ta lulluɓe shi, ta ɗauki faifai ta rufe sauran tuwonsa don kada ƙuda su sauka. Sannan ta zauna kusa da ni.

"Ɗan nan, me ya yi maka?"

Abin da ya zo mini a maimakon amsa ya fi muni, domin na san ita ma wannan tsohuwar ta rasu a shafin farko na littafin farko, wajen haihuwarsa. Maganar ta taso mini har maƙogwaro, da shafinta da komai. Na dubi hannunta a kan mayafin. Na cije harshena, na haɗiye ta, na ji ta gangara kamar ƙwallon goruba. Tun da nake, ban taɓa ganin kuskure na bar shi ya wuce ba sai ranar.

Sai ga ni a kan ganuwa, rana ta yi sanyi, duk mutanen gari sun taru a ƙasa suna kallona. Can nesa Dodon Rijiya na tafe. Wani lokaci ya kai tsayin dutse, wani lokaci bai fi ɗan maraƙi ba, gwargwadon littafin da ya tuna. Amma ko a ƙaraminsa haƙoransa ba sa raguwa.

Barau na tsaye kusa da ni, ya soma komawa mutum daga sama, ƙafafun dai har yanzu kofato ne. Ya rataya mini garkuwar Barde, ya ce dattawa sun yanke shawara: wanda ya cire musu jarumi shi zai tsaya a gurbinsa. Na nuna masa allin da ke hannuna, na ce iyakar makamina ke nan, kuma ko ɗaliban aji uku ba sa tsoronsa. Ya ce to saura hanya ɗaya, in dawo da Barde. Na tambaye shi ta yaya ake dawo da matacce. Ya ce yadda mai littafin yake yi: ya faɗa kawai, su kuma su yarda. Da haka suke rayuwa tun da aka halicce su, kuma ba wanda ya kwana da yunwa sai yau. Na ce ni mutum ne mai bin hujja, ba na faɗin abin da bai haɗu ba.

Ya tambaye ni, in har ba na ƙaunar littattafan, yaya aka yi na san shafukansu fiye da su da ke zaune a ciki. Na yi ƙasa da murya na ce na karanta su duka, wasu har sun yage a hannuna, kuma ranar da na bakwai ya fito ni ne na farko a layi, sai dai na sa hular sanyi na rufe fuska.

"Ka gani," in ji Barau. "Kai ma ba ka haɗu ba, ga ka nan kana yawo."

Na sake ganina a tsakar gidan, wannan karon cike da jama'a har kan katanga. Ƙasa na girgiza da takun Dodo. Inna Kande na zaune a gefen gawar ɗanta, ba ta kallon kowa sai ni.

Na yi gyaran murya, na ce ashe Barde tagwaye ne, wanda aka binne daban. Nan da nan wani mutum mai kama da shi sak ya fito daga ɗakin girki yana hamma. Aka miƙa masa mashi, ya ce shi gaskiya dukanci ya koya, kuma jini na sa shi jiri. Inna Kande ta ƙare masa kallo, ta ce ita dai ba ta tuna ta haifi biyu ba, amma ya zauna a zuba masa abinci. Gawar kuwa ko motsi.

Na share zufa, na sake gwadawa. Na ce ba mutuwa Barde ya yi ba, dogon suma ne. Mashin da aka ce ya shiga ƙirjinsa, a kan wani goro da ke aljihunsa ya tsaya. Wanda aka gani ya fito ta baya, wani mashin ne daban da ya zo wucewa. Kabarin kuma yana da ƙofa ta baya, maƙeran garin sun saba yin haka saboda irin wannan rana. Ina faɗa ina jin kunya na cin fuskata, ina roƙon Allah kada ko mutum ɗaya daga majalisarmu ya kasance cikin taron.

Jama'a suka gyaɗa kai, suka ce lallai sama-sama suke tuna wani abu mai kama da haka. Mayafin ya motsa. Barde ya yi atishawa, ya tashi zaune, ya tambayi ina sauran tuwonsa. Inna Kande ta kama kansa ta rungume, sai yanzu hawaye suka zo mata, suna fita daga idonta suna tafiya sama. Ni ma na ji wani daɗi ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba a duk ranakun da na yi nasara a musu.

Ana cikin haka wani mutum ya ɗaga hannu daga bayan taro. Ya matso gaba, sanye da kaya irin nawa, da alli a hannunsa, da irin murmushin nan nawa da ban san haka yake da ban haushi ba sai da na gan shi a fuskar wani. Ya gyara tsayuwa, ya ce yana da 'yar tambaya. In har suma ne, wa ke kai masa abinci a cikin kabarin? Kuma goron nan, fari ne ko ja, da har zai tare mashi?

Barde ya tsaya da loma a hannu. Na ga ya soma tunani, na ga jikinsa ya soma komawa baya a hankali zuwa tabarma. Inna Kande ta damƙi hannuna har farcenta ya shige ni.

Na juya ga mutumin.

"Malam, don girman Allah ka yi mana shiru. Labari ake yi."

Ya buɗe baki, ya rufe. Barde ya kai lomar baki, ya haɗiye, tabon ya koma dama. Ya miƙe, ya karɓi garkuwarsa daga kafaɗata, ya ce in tsaya a bayansa in ga abin da zai faru. Daidai nan Dodo ya iso. Ya zo a ƙaraminsa, don haka bai rushe katanga ba, ya tsaya a ƙofar gida ya shiga ƙwanƙwasawa. Barde ya ɗaga mashi ya nufi ƙofar, ni ina biye. Ya kai hannu kan sakata.

Ƙwanƙwasawar ta ƙara ƙarfi, na buɗe ido. Gari ya waye, mai ruwa ne a ƙofar gidana yana dukan ƙyauren da murfin jarka, yana tambaya ko za a zuba yau. Na ja bargo na rufe kaina, na runtse ido ko Allah zai sa in koma in ga yadda yaƙin ya ƙare, amma mutumin nan bai daina bugu ba.