Katakon Ƙarshe na Tsoho Cuthbert

"Da bayan cokalin za ki murza, Tabitha. Ba wanki na ba ki ba."

Tabitha ta harari maƙwabcin nata, ta ci gaba da murza takardar a kan ɗan katakon da ta shafa wa tawada. Tsoho Cuthbert na jingine da filo, numfashi na fita da ƙyar. Hannun da ya ƙarar da rayuwarsa yana sassaƙa tsuntsayen bakin kogin Tyne a katako, ana buga su a littafi, yau ko cokali ba ya iya riƙewa.

Kowa a layin ya san halinsa: a ƙasan shafin littattafansa yakan saka zanen maƙwabta don tsokana. Ya taɓa zana mahauci dinya ta biyo shi da gudu, har gobe yara na yi wa mutumin kukan dinya. Ita kuwa tun zuwanta layin suke faɗa, saboda gwarar da yake tarawa da ɓarɓashin burodi suna ɓata mata shanya. Ta leƙa katakon ba ta gane komai ba, don a juye ake sassaƙa shi, ga baƙin tawada. Siffar mace kawai ta iya tsinta.

"Wallahi in da tsintsiya ka yi ni ina zagi, murhu zan jefa shi."

"Kuka tun kafin duka? Ɗaga a hankali, sarkin faɗa."

Ta ɗaga. Mace ce a bayan gida, ta waiga ko wani na kallo, hannunta ɗaya cikin aljihun riga, gwara sun kewaye ƙafafunta suna tsince-tsince. Har facin gwiwar hannunta ya fito.

Kunya ta kama ta, sai kuma tausayi ya rufe ta.

"Tsohon banza. Tun yaushe ka sani?"

"Tun hunturun da na karye a ƙafa. Na ce wa ke ciyar min da su, ba su rame ba?"

"Kada ka sa shi a littafi."

"Wannan naki ne. Ɗaya tak za a buga."

Ta juya tana goge cokalin, ta daɗe tana gogewa. Da ta waigo don ta ce hancin da ya zana mata ya yi tsawo, ya riga ya cika.

Ta shafe masa ido, ta buɗe taga kamar yadda ake yi wa mamaci a al'adar garin. Sannan ta zauna a bakin gadon riƙe da takardar ta gefe-gefe, don tawadar ba ta bushe ba tukuna.